Hukuncin da Aka Yanke wa Gawo

Duk garin da ya samu mutum irin Alhaji Danda, to ya gama dacewa. Shi ne Shugaban Kwamitin Kare Mutuncin Gari, kwamitin da shi ya kafa, shi ya zaɓi kansa, kuma har yau ba a samu mai ja da shi ba, don ba a taɓa sa ranar zaɓe ba. Garin yana kan hanyar yashi tsakanin Tasawa da Gidan Amumune, kuma tun da Alhaji ya hau kujera ba a ƙara sata a cikinsa ba, sai dai kaya su ɓace. Ba a faɗa, sai dai a yi saɓanin fahimta har kai ya fashe. Duk abin kunyar da ka ambata, Alhaji zai gyara zaman hula ya ce, "Ba a nan ba." Shi ya sa a bayan idonsa ake kiransa Alhaji Ba-a-Nan.

Giya kuwa, ko sunanta ba ya bari ya taɓa harshensa. Ƴan ledojinta da ake tsinta a bayan tasha, Alhaji ya yi bincike mai zurfi ya gano iska ce ke kwaso su daga garuruwan da ba su da kwamiti.

Ran wata Lahadi bayan la'asar, Sirajo, ɗan ƙanwar Alhaji kuma direban akori-kurarsa, ya taso daga Tasawa. Dab da shiga gari ya kwashe Imrana ɗan kabu-kabu tare da fasinjansa, tsoho Hamidu, sannan motar ta zarce cikin gona ta rungume wani tsohon gawo. Imrana da Hamidu ko shurawa ba su yi ba. Waɗanda suka zaro Sirajo sai da suka kawar da fuska saboda warin bakinsa, shi kuwa yana ta tambayar wanda ya matsar da hanya. Aka kai shi likita da karyayyar ƙafa.

Da jandarmomi suka zo neman shaidu, Alhaji ya tsaya a bayansu yana jan carbi, yana duban fuskar kowa ɗaya bayan ɗaya. Ikon Allah, sai ga shi ranar duk garin mura ake yi. Babu wanda hancinsa ya ji komai.

A zaman makoki ne hancin ya warke. Wasu suka ce kwana ne ya ƙare, wasu suka ce kwana ya ƙare amma kwalba ta raka shi. Matasa suka ce a rufe inda ake sayar da ita, dattawa suka ce ta yaya za a rufe abin da Alhaji ya ce babu. Daga nan wata magana ta ɓullo, ba a san bakin da ya fara ta ba, wai ai ƴan kabu-kabu ma gudu gare su. Maganar ta shiga cikin gida har kunnen Furera, uwar Imrana, wadda ta san ɗanta fasinjoji har ƙorafi suke yi don ya cika lallaɓawa. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar jana'iza. Ba ta nemi diyya ba, ba ta nemi a ɗaure kowa ba. So take mutum ɗaya ya tsaya gaban hukuma ya faɗi abin da ya kashe mata ɗa, don kada yaron ya tafi da laifin da ba nasa ba.

Ranar sadakar uku ta sa lulluɓi ta sami Alhaji a zaure. "Alhaji, kai ag gaba gare mu. Kalma guda nika roƙo."

"Furera, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Komite na bisa aiki."

Komite kuwa ya yi aiki. Kwana biyu Alhaji yana zama da kansa, ana kawo masa fura. Ranar Juma'a ya tara jama'a a bakin gonar, ya hau kan turmi don na baya su amfana da ganinsa.

"Jama'a! Bon, to, mun yi bincike, mun auna, mun gano mai laihi. Ga shi nan tsaye, ko kunya ba ya ji! Wanga icce shi ya tare ma direba gani. Shekara da shekaru yana nan bakin hanya yana jiran rana tai. Ni Danda, muddin ina numhwashi, ba ni barin icce ya kashe mini talakawa!"

Tsakanin gawon da hanya taki ashirin ne cif, amma ba wanda ya zo da niyyar ƙirgawa. Alhaji ya naɗe hannun babbar riga, ya karɓi gatari, ya jira mai hoto ya shirya, ya kai sara. Gatarin ya yi tsalle ya dawo. Majiya ƙarfi suka ƙarasa aikin, shi kuma ya ɗora ƙafa a kan kututturen aka ɗauke shi. Da hannunsa ya watsa hoton a waya, da rubutu a ƙasa: an hukunta mai laifi.

Hoton ya yi tafiya fiye da yadda aka aike shi. Ranar Talata sai ga wani siririn ma'aikacin gandun daji, Abdulmumini, a kan babur, da koren kaki da littafi. A ƙasar nan gawo ba itacen da ake sara da ka ba ne, ko reshensa sai da izini. Ya gaida jama'a, ya durƙusa ya auna kututturen, ya shafa shi kamar mai duba mara lafiya. Mutane suka taru, har da Furera a can gefe.

"Alhaji, wa ya ba da izinin sare shi?"

"Komite."

"Wa ke cikin komiten?"

Alhaji ya duba dama, ya duba hagu. Mura ta sake kama gari.

"To, sai ka hau bayana mu tahi Tasawa," in ji Abdulmumini. "Iccen da ya haura shekara ɗari, lahiya lau, ka kashe shi. Ga hotonka."

Alhaji ya dubi babur ɗin. Ya hango kansa a baya, riga na kaɗawa, an ratsa da shi ta tsakiyar kasuwa.

"Wane lahiya lau! Ai iccen ya riga ya mutu, mota ta tsaga shi! Mu gawa tai muka kauda!"

"Mota? Me ya kai mota taki ashirin cikin gona?"

"Sirajo ne! Giya ya sha, ya yi tatul, ko gabanshi ba ya gani! Kowa ya ji warin, ku hwaɗa mishi mana!"

Nan take hancin gari ya buɗe. Abdulmumini ya rubuta, ya ce wannan sashen ba nasa ba ne, amma zai miƙa wa jandarmomi, Alhaji kuma ya sa hannu. Ya sa.

Furera ta matso. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kwana bakwai nike bin ka kan kalmar ga, Alhaji. Ashe icce za ka hwaɗa ma ita." Ta juya ga ma'aikacin. "Ɗan nan, ka rubuta shekarun gawo?"

"Na rubuta, Inna."

"To in da sauran wuri ƙasa, sa Imrana. Shi ashirin da shida ya samu."

Ya rubuta. Sannan ya tada babur, ya matsa gaba kaɗan don Shugaba ya sami wurin zama.