Agogon da Ba Ya Magana Sai an Tambaye Shi

"Daga yau babu mai gaya mini lokaci, ni zan riƙa gaya wa mutane!" Haka na faɗa a tsakar gida ranar da surukina injiniya ya kawo mini agogon tauraron ɗan'adam da wurin aikinsu suka daina amfani da shi. Ɗan'uwa mai karatu, saurara ka yi mana shari'a, domin an cuce ni kuma ba zan yafe ba.

Ni tsohon malamin makaranta ne, dodon 'yan latti. Ƙungiyarmu ta malamai masu ritaya za ta zaɓi shugaba ranar Asabar ƙarfe goma, kuma ɗan takarar da bai zo ba ya faɗi. Abokin karawata shi ne wanda muke kira Sai-Anjima, mutumin da ko ɗaurin aurensa sai da aka jira shi.

Agogon akwati ne baƙi, ba fuska ba hannu. Ana jona shi da tsohuwar kwamfuta ta wata igiya mai haƙora tara, a rubuta masa umarni, a danna babban maɓalli, sai ya amsa. Surukin ya fara bayani na katse shi.

"Ni za ka koya wa ba da umarni?"

Da na gwada, allo ya cika da tarkacen haruffa kamar kaji sun yi tsere a kai. Na kira shi a waya.

"Baba, saurin maganarsu ne bai zo ɗaya ba. Ka mai da shi dubu tara da ɗari shida."

Na gyara. Sai akwatin ya ce bai ga tauraro ba. Na hau rufi da eriya, na sauko ban da takalmi ɗaya da rabin wandona. Amma ya amsa! Nan take na cire batirin agogon bango, na kulle na hannu da waya a durowa. Maƙaryata ba su da wuri a gidana.

Asabar da safe na buga umarni. Lambobi suka jeru, na farkonsu 08. Takwas da 'yan mintuna. Na sha shayi, na goge riga, na leƙa allo: 08. Na tsaya gaban madubi na karanta jawabin nasara. Na leƙa: 08.

"Malam, inuwa fa ta bar katanga," in ji mai ɗakina.

"Inuwa ta yi karatu ne? Tauraro ya ce takwas."

"Maƙwabta sun ɗora girkin rana."

"Mayunwata ne."

Na sake jawabin, na ƙara masa sakin layi biyu. Sai da na ji kiran sallar azahar na zabura na yi waje.

Na isa zauren taron da gudu, na tarar ana tattara kujeru. Sai-Anjima yana zaune a kujerar shugaba yana sakace.

"A'a, Malam Tauraro! Daga duniyar wata ka taso ne?"

Na ari wayar sakatare na kira surukin.

"Akwatinka ya tsaya a takwas!"

"Baba, sau nawa ka buga umarnin?"

"Sau ɗaya mana. Ni ba na maimaita magana."

"Ai duk tambaya ɗaya amsa ɗaya ce. Abin da ka yi ta kallo amsar safe ce."

Ka ji rashin tarbiyya? Ɗalibin kirki in ya ga amsarsa ta tsufa ai ɗaga hannu yake yi.

Don haka ina neman abu biyu: a sake zaɓe, surukina kuma ya zo ya durƙusa ya ba ni haƙuri. Na kai ƙorafin gaban sabon shugaba. Ya saurara da ladabi, ya gyaɗa kai.

"Za mu duba, Malam. Ka zo taro na gaba. Amma don Allah ka biyo ta gidana mu taho tare, kada ka makara."