Randar da Ban Zana Ba

Bayan na yi ritaya, jami'a ta sake nemana in koya wa masu digiri na biyu a fannin kasuwanci yadda ake kwaikwayon tafiyar al'amura a kwamfuta. Karatuna ɗaya ne tun ina matashi: duniya randuna ce, ruwa na shiga, ruwa na fita.

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Yola, ɗalibaina suka haɗa masara ta taimako, suka roƙe ni in nuna musu inda ya kamata a kai. Na zana randuna uku a allo: ƙauye, hanya, sansani. Kwamfuta ta ce sansani. Na gyara zaman babbar rigata na ce, "Ilimi ba ya aiki da kintace." Aka kwashe buhunan kaf zuwa can.

Da mako ya zagayo, Madam Rifkatu, wata ɗalibata ma'aikaciyar gwamnati daga Dubeli, ta ɗaga hannu.

"Bappa, mutum nawa suka sauka a gidanka?"

"Goma sha tara," na ce. "Dangin mai ɗakina ne."

"Ni ashirin da biyu, kuma ko mudu ɗaya ba mu gani ba. A wace randa muke?"

A safiyar nan ma sai da na tsallake tabarmin baƙin gidana kafin na kai ga takalmina.

Wasu daga cikin baƙin nan har yau ba su koma gida ba. Ni kuwa, duk tsohon ɗalibin da ya gan ni a kasuwar Jimeta sai ya rusuna ya ce, "Bappa, an tashi lafiya? Yaya mutanen randa ta huɗu?"