Hukuncin Kisa a Kan Uwar Maƙera

Ranar Litinin ruwan shuka ya sauka a ƙauyenmu, nan kusa da Gagarawa Tasha, ruwa irin wanda tun kafin farin bara waccan ba mu ga kamarsa ba. Na saɓi sungumina na nufi gona, mai ɗakina Baraka tana biye da ƙwaryar iri. Sara uku na yi, ƙarfen sungumin ya rabe biyu, rabi a ƙasa, rabi a ƙota.

Baraka ta ce, "Malam, tun bazara nake ce maka ba a fafe gora ranar tafiya."

Na ce ta bar ni da abin da ya ishe ni, na wuce wurin Cindo maƙeri. Na tarar da manoma zube a ƙofar maƙera kamar masu zaman makoki, kowa da karyayyen ƙarfensa a hannu. Cindo ya rafka tagumi. Zugazugi na rataye, murhu ya yi sanyi har kaza ta saka ƙwai a ciki. Inda uwar maƙera take kafe tun zamanin kakansa, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗora aiki a kai a daka, babu komai sai rami.

Na ji labarin tun kwana goma baya, amma gemun ɗan'uwana ya kama da wuta ban shafa wa nawa ruwa ba. Wasu manya ne suka zo da Landiroba suna tara tsofaffin kaya, wai za a buɗe Gidan Kayan Kakanni a Gumel. Jagoransu wani mai tabarau ne, wanda ni don ladabi nake kiransa Mai Girma Sarkin Tarkace. Ya leƙa maƙera, ya shafa ƙarfen, ya ce, "Kai, wannan abu da kyau yake!" Cindo kuwa ɗan mutunci ne, sai ya faɗi abin da kowane ɗan halak yake faɗa in baƙo ya yaba kayansa: "Ai taka ce, ranka ya daɗe."

Jama'a, ku yi mana shari'a. In na yaba rigarka ka ce tawa ce, tuɓe ka zan yi a tsakiyar kasuwa? Ko jariri ya san amsar: na gode, Allah ya bar ka da abarka. Shi Mai Girma sai ya juya ya kira lebura huɗu. Cindo yana tsaye aka tumɓuke abincinsa, kunya ta hana shi buɗe baki, har da kama musu wajen ɗorawa a mota. Da ma an ce kunyar mara kunya asara ce.

Na ce, "Cindo, tusa ba ta hura wuta. Danshin nan kwana nawa zai jira mu? Maƙerin Maigatari layinsa ya kai har bakin iyaka, mutanen Damagaram ma can suke kai nasu. Tashi mu je Gumel."

"Kawu, da wane baki zan ce a dawo mini da kyauta?"

"Da nawa. Ni ban ba kowa komai ba."

Talata da hantsi muka sauka daga bayan motar gyaɗa. Gidan dai masha Allah, an shafe shi da farar ƙasa har da itatuwan ƙofa. A ciki ga akushi, ga faifai, ga ludayi, ga wani tulu wanda ƙanensa yana nan a tsakar gidana muna shan ruwa da shi, ban san tarihi nake kurɓa ba. A can ƙurya, bisa farin ƙyalle kamar amarya, ga uwar maƙera. Cindo ya gan ta idonsa ya kawo ruwa.

Mai kula da ɗakin, Magajin Makullai, ya kai mu gaban Mai Girma. Na durƙusa iyakar yadda gwiwa ta yarda.

"Ranka ya daɗe, aron uwar maƙera muka zo. Kwana goma kacal, mu yi shuka mu dawo da ita."

"Wace uwar maƙera? Baba, nan babu uwar maƙera."

Ya ja mu ƙuryar ya nuna wata 'yar takarda, ya karanta mana da ƙarfi: turken ɗaure dokin yaƙi na zamanin da.

Cindo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, shekara arba'in ina dukanta, ban taɓa ganin doki a jikinta ba."

"Kai maƙeri ne ko masani? Da tafireta aka buga wannan."

To, me za ka ce? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Madalla da manyan da suka gane cewa tarihi ya fi tuwo. Gero ai kowace shekara ana samu, in an samu.

Ya yi mana bayanin dokar gidan, doka mai kyau kamar ramin kura: sawun shiga kawai ake gani. Abin da ya shiga ba ya fita, ba aro, ba sayarwa. Sai fa in kwamiti ya zauna ya tabbatar abin ya lalace. In ma ya lalace ba a mayar wa mai shi, don kada a ce an yi son kai; halaka shi ake yi gaban shaidu. Makon jiya ma, in ji shi, sun ƙone akussa bakwai da gara ta taɓa.

Yana magana ina kallon ƙyallen. Ƙarfen da ya saba shan duka kullum, kwana goma yana hutu a ɗaki mai laima, ya fara ja, har ya ɓata farin zanen.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni jahili ne, amma turken nan ya kamu da tsatsa. Ita kuwa tsatsa kamar ƙazuwa take, daga wannan ta hau wancan. Ga takubba can kusa da shi. Na ji an ce Asabar babban baƙo zai zo buɗe gida?"

Mai Girma ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Kwamitin da aka ce mana sau ɗaya yake zama a shekara, kafin azahar ya hallara. Aka shiga da kaji, aka fito da ƙasusuwa, aka yanke hukunci: turken ya lalace, a halaka shi.

Cindo ya kama hannuna. "Kawu, ka kashe ni. Mun gudu gara mun faɗa gidan zago."

Na ce, "Yi shiru. Zauna ka ga yadda ake kashe ƙarfe da biro."

Laraba aka fito da uwar maƙera bayan ginin, mu ne ma shaidun. Aka tula mata kirare, aka juye mata garwar kananzir guda, kananzir ɗin da Baraka take wuni a layi kafin ta samu cikin kwalba. Wuta ta ci ta cinye, uwar maƙera tana nan kamar ta yi wanka. Ita da wuta ai 'yan gida ɗaya ne. Magajin Makullai ya fusata, ya shiga ɗaki ya ɗauko wata taɓarya mai tarihi, ya ɗaga ya rafka mata. Taɓarya ta tsage gida biyu. Dole kwamiti ya sake zama a kan taɓarya, aka sake shiga da kaji.

Wani ya kawo shawarar a binne ta. Mai Girma ya ce ina! In aka binne, wata rana wani ya tono, ta zama kayan tarihi sabo fil, dole a sake karɓarta, a sake buga takarda. Kun ji hangen nesa.

Rana ta karkata, ni hankalina yana kan gonata, ina jin ƙasa tana bushewa kamar a maƙogwarona. Mai Girma ya share gumi ya ce, "Wai duk ƙasar nan babu wanda ya san yadda ake gamawa da ƙarfe?"

Na taka ƙafar Cindo, na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfe ba ya mutuwa sai da duka. Safe da yamma, da masaba, gudumar maƙera. Kuma ba a dukansa tsirara, sai an ɗora masa jan ƙarfe mai zafi a ka, kamar fartanya haka ko sungumi. Zafin ne ke cin sa a hankali. Ga gwanin aikin nan tsaye."

Ya dubi Cindo. "Zai ɗauki wane lokaci?"

Shi Cindo ko a mafarki bai iya ƙarya ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kakana ya fara dukanta, ubana ya ɗora, ni ma na yi nawa. Ta ragu da kamar kaurin farce."

"Wato aikin ya ma riga ya yi nisa!" in ji Mai Girma, fuskarsa ta washe.

Nan take aka buga takarda, aka danna hatimi, aka naɗa Cindo mai halaka turke. Aka ja masa kunne cewa aikin hukuma ba ya son lalaci: ran da aka zo aka tarar da murhu a kashe, za a ƙwace aikin a ba wani. Lebura huɗu suka ɗora ta a Landiroba, ni da Cindo muka zauna a gaba.

Alhamis da sassafe aka kori kazar nan, zugazugi ya yi numfashi. Sungumina ne farkon wanda aka yi amfani da shi wajen zartar da hukuncin. Juma'a kafin masallaci muka zuba iri, ni da Baraka. Sai da na sara da zurfi kafin na tarar da danshi, amma na tarar. Saura na Allah ne.

Don haka ina kira ga manoman Sule Tankarkar da na Maigatari: duk mai kishin ƙasa ya ɗauko karyayyiyar garmarsa ya zo a taimaka wa hukuma. Aiki ne babba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jiya na leƙa na tarar da Cindo yana duka yana zufa, amma fuskar nan da sauran damuwa.

"Kawu, in ta ƙare fa?"

Na ce, "Wannan matsalar jikan jikanka ce. Shi ma Allah ba zai hana shi nasa manyan ba."