Kawu Tanimu da Wayoyin Asibiti

Wani mutum ne a layinmu, can Funtuwa, ana ce masa Kawu Tanimu. In ka ji murya ta fi ta kowa tashi a teburin mai shayi ana maganar ciwo, ba sai ka leƙa ba, shi ne. Ka ce kanka na sarawa, ya ce hanta ce. Ka ce ƙafarka ta kumbura, ya kama kunnenka ya leƙa. Kuma duk ilimin nan ina ya samo shi? Lemo da ayaba ya taɓa sayarwa a bakin ƙofar wani babban asibiti a Legas. Shi ke nan fa! Amma in yana ba da labari, sai ka rantse shi ke miƙa wa likitoci almakashi a ɗakin tiyata.

"Ni da na ga hanjin mutum a faranti kamar taliya," in ji shi, "me ya rage ya ba ni tsoro a duniyar nan?"

Ana nan, sai 'yar Rakiya, ƙanwarsa, ta fara wani abu mai tayar da hankali. Nusaiba sunan yarinyar, ko firamare ba ta shiga ba. Tana cikin wasa sai ta tsaya cak, ido a kafe, a yi ta kira ba ta ji, can kuma ta ci gaba da wasanta kamar ba a yi ba. Rakiya ta rame. Aka kai yarinya babban asibiti, likita ya ce sai an yi mata gwajin ƙwaƙwalwa, irin wanda ake liƙa wa mutum wayoyi a ka, na'ura tana zana yadda ƙwaƙwalwar ke aiki. Ba allura, ba yanka, ba zafi. Sharaɗin ɗaya ne, yarinya ta kwanta shiru, in da hali ma ta yi barci. In ta yi ta kuka da fizge-fizge gwaji ya lalace, sai a koma ƙarshen layi, layin da suka sha watanni kafin ya zo kansu.

Rakiya ta yi duk abin da aka ce. Ta tsefe kitson yarinya, ta wanke kai tas da sabulu, ba ta shafa ko ɗigon mai ba. Ta samo zaren saƙa tana liƙa wa 'yar tsana a ka, suna wasan asibiti. Nusaiba har ta fara ɗoki, tana ce wa ƙawayenta gobe za a yi mata kitson waya.

Da la'asar sai ga Kawu Tanimu, ya shigo yana sakace.

"Me nake gani haka? 'Yar tsana? Ku ba ni wuri! Yaro gaskiya ake gaya masa."

"Yaya, don Allah ka bar ta, ta riga ta saki jiki," in ji Rakiya.

Ina! Ya riga ya tsuguna.

"Nusaiba, kin san wutar da ke kunna firji? To ita za a sakar miki a ka. Zuuuu! Gashinki ya miƙe tsaye, kunnenki ya yi hayaƙi. Amma kar ki damu, ni ma an yi mini a Legas. Ina zaune ina ɓare gyaɗa, wuta na bi ta kaina. Ko gezau! Ƙarshe na'urar ce ta gaji ta mutu."

Yarinya ta dube shi, ta dubi 'yar tsana, ta wurgar da ita, ta tsala ihu. Sai ƙarƙashin gado. Da ƙyar Inna Dije, mahaifiyarsu Rakiya da Tanimun, ta jawo ta da alewa.

"Tanimu," in ji Inna, "kai dai bakinka ko a gidan biki sai ya jawo zaman makoki."

"Inna, ba ku san aikin ba ne. Gobe da ni za a je. Ku ba ku iya magana da likitoci ba."

Washegari ya riga kowa shiga mota. Babbar riga ta sha guga, hula ta sha kari, ga tabarau. An ce a ba yarinya abinci kafin gwaji, Rakiya ta ƙullo mata ƙosai. Kafin a fita gari Kawu ya duba ƙosan, ya ce mai ya yi masa yawa, bai dace da mai gwaji ba. Ya taimaka mata da shi har leda.

A asibiti aka kira sunansu. Ɗaki ne ɗan ƙarami, gado ɗaya, kujera, na'ura a gefe, ga wayoyi kala-kala a rataye. Nusaiba na hango wayoyin ta ƙanƙame wuyan uwarta, ta buɗe maƙogwaro. Mai yin gwajin, wata Sista Laraba, ta yi lallashi, ta yi waƙa, ta hura safar hannu ta zama balan-balan. A banza.

"Wuta! Za ku sa mini wuta!"

"Wa ya ce miki akwai wuta?" in ji Sista.

Yarinya ta nuna Kawu da yatsa. Shi kuma ya ɗaga kai yana nazarin silin.

Sista ta dubi agogo ta ce, "Akwai mutane a waje. In ba ta yarda ba, sai dai a sake muku rana." Hawaye ya cika idon Rakiya. Can Sista ta ce, "Wani lokaci in yaro ya ga an liƙa wa babba, yakan yarda. Wa zai zauna mu nuna mata?"

Inna Dije ko numfashi ba ta ja ba. "Ga wanda ya saba. A Legas har gyaɗa yake ci."

Nusaiba ta tsagaita kuka. "A fara yi wa Kawu."

Kawu ya yi wata dariya wadda ba ta wuce haƙora ba.

"Ai da na so, to kaina akwai mai."

"Ba komai, nuni ne kawai."

"Kuma irin na'urar Legas daban ce, wannan ƙarama ce, kar in lalata muku."

"Ba za ta lalace ba."

"To... azumi nake."

"Ka cinye mini ƙosai!" in ji Nusaiba.

Ba hanya. Ya zauna a bakin kujera kamar wanda aka ɗora a kan garwashi. Aka cire hula. Sista ta lakato wani farin mai mai kauri, ta dangwala masa a ka, ta manna waya. Sanyin abin na taɓa fatarsa ya zabura.

"Sista," ya yi ƙasa da murya, "wutar taku ta NEPA ce ko ta janareta?"

"Malam, babu wutar da ke shiga jikin kowa. Sauraro kawai na'urar take yi. Kai ma ko jona ka ba zan yi ba."

"Haka kuke cewa," in ji shi.

Ta ƙara waya, ta ƙara wata. Gumi ya keto masa ta ko'ina, babbar riga ta jiƙe sharkaf. Ya runtse ido yana motsa baki, duk addu'ar da ya haddace tun yana yaro sai da ya jawo ta, har da ta shiga kasuwa. Nusaiba ta sauko daga jikin uwarta, ta matso tana kallo.

Daidai nan wani ya kira shi a waya. Wayar kuwa tana aljihun ƙirji, ya kashe mata ƙara, sai rawa.

Zzzzzz! Zzzzzz!

"Wayyo Allah! Ta kama ni! Ku kashe! Ku kashe mita! Inna, ki yafe mini!"

Ya miƙe zumbur, ido ya juye, ya tafi luuu, sai ragwajab a ƙasa.

Sista ta taɓa wuyansa, ta ɗaga masa ƙafa, ta ce suma ce kawai, yanzu zai dawo. Aljihu kuwa bai fasa zzzz ba. Nusaiba ta sa hannu ta zaro wayar. Sista ta ɗago ƙarshen wayoyin da ke kansa, ga su nan suna lilo, ba a jona su da komai ba.

Yarinya ta dubi waya, ta dubi Kawu a shimfiɗe, sai ta fashe da dariya. Dariya har da riƙe ciki, har da shaƙuwa. Masu gadi biyu suka ciccibi Kawu suka kai shi benci a waje, ita kuwa da kanta ta haye gado.

"Sista, ni ba zan faɗi ba. Sa mini."

Aka liƙa mata wayoyi tana ƙyalƙyala. Da ma an tashe ta tun asuba, ga gajiyar kuka, ga ta dariya. Kafin a jima ta yi barci. Gwaji ya fito tsaf. Daga baya likita ya ɗora ta a kan magani, yanzu haka tana makaranta, ta fi kowa surutu a ajinsu.

Amma mu koma kan benci. Kawu ya farfaɗo ya tarar da zauren jira cike maƙil, kowa shi yake kallo, wata mata na yi masa fifita da katin asibiti. Sai ga su Inna sun fito. Nan da nan ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Kun gani ko? Wutar da na shanye, da yarinyar nan aka sakar wa, da yanzu wani zancen ake. Ni na tare mata."

Yana faɗa yana shafa ƙeya. Sai ya ji danshi. Gumi ya narkar da man nan, ya gangaro har wuyan riga. Ya dubi hannunsa, ga abu fari, mai kauri, mai yauƙi.

"Innalillahi! Ƙwaƙwalwata! Jama'a, ƙwaƙwalwata ce ke zuba! Ku kawo kwano! Inna, tare mini, kar ta ƙare!"

Inna Dije ta matso a hankali. Ta kama hannun ta duba, ta juya kansa ta duba ƙeya, ta leƙa har cikin wuyan riga. Sannan ta goge yatsunta a babbar rigarsa.

"Kwantar da hankalinka, Tanimu, ba ita ba ce. Ni na haife ka. Taka ba ta kai haka yawa ba."