Garar da Ta Shiga Kwalin Bukar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wani direban babbar mota ya yi sallama a ƙofar gidanmu a Potiskum ba. Ina cikin tankaɗe. Ya ce motar da ƙanena Bukar ya shiga ta faɗi a hanyar Kano, ba wanda ya fita. Na ajiye rariya, na ce masa na gode. Har yau ban san godiyar me na yi ba.

Bukar hutu ya zo daga Ingila, a shekarun alif ɗari tara da saba'in ɗin nan. Aikinsa, yadda ya sha wahalar fahimtar da ni, lissafi ne da kwamfuta a kan wani shafe da ake yi wa ƙarfen injin jirgin sama, a san zafin da zai jure kafin ya tsage. Ni dai "to" nake cewa. Da zai tafi Kano ya ba ni ajiyar wani kwali, ya ce, "Yaya, wannan ki riƙe mini da kyau."

Bayan sadakar bakwai na buɗe. Katuna ne fal, kowanne duk huji. Na ce a raina: Gara! Amanar mamaci, kuma a ɗakina. Sai na yi abin da kowace mace a unguwarmu za ta yi: na zazzage su a tabarma, na shanya a rana, na barbaɗa toka. Waɗanda suka fi ciwuwa na cusa a murhu don kada su shafi sauran, kuma, in faɗi gaskiya, don kada a gani. (Ban tsaya na tambayi kaina wace irin gara ce take ci a layi, huji duk girma ɗaya ba.)

Ranar arba'in abokin aikinsa Modu ya zo ta'aziyya. Bayan addu'a aka kira ni zaure, gaban kawunnanmu. Ya ce kwalin yake so, zai ƙarasa aikin da sunan Bukar. Na kawo, har da ɗan alfahari.

"Gara ta shiga, amma na ceto masu dama-dama."

Ya ɗauki ɗaya, ya hure tokar. "Yaya, wace gara?"

"Ba ka ga hujin ba?"

"Ai hujin shi ne rubutun. Shi na'urar take karantawa. Ba ki dai taɓa jerinsu ba ko?"

Kawu Goni ya ce, "Jeri? Ita da ta shanya su kamar kuɓewa?"

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi, da ya fi mini sauƙi.

"Sauran fa?" in ji Modu.

Na sunkuyar da kai, na ce, "Murhu."

Tun daga ranar, in an ba ni ajiya, ajiyewa kawai nake yi, ba na gyara wa kowa. Modu ya tafi da abin da ya rage. Daga baya ya aiko cewa sun ƙi jeruwa. Lissafin Bukar yana nan inda ya tsaya.