Harsashin Gwadabe Mai Yaji

"Ni Gwadabe, da na yi ido biyu da sojan Japan a dajin Bama, kura ce za ta gagare ni? Ku ba ni kwana uku in kawo muku fatarta ku shimfiɗa a zaure!"

Haka ya faɗa a ƙofar gidan Mai Unguwa Nata'ala, can Ƙofar Na'isa, kimanin shekara goma da gama yaƙi. To abokina, zuwa Bama kam ya je, sai dai waɗanda suka je tare sun ce babban makamin da ya riƙe ludayi ne. Ita kuwa kurar ta haƙa rami a inda badala ta zube, ta cinye awaki shida, ta ɗora da ragon layyar Mai Unguwa.

Gwadabe yana da wata bindiga da ya gada wurin kakansa, doguwa kamar tabarya, ta tsufa har tsatsarta ta yi tsatsa. Harsashi ne babu, sai ƙwanson harsashi uku, fanko. Ya ɗauki ɗaya ya nufi kantin wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, a Fagge. Kwara ya juya ƙwanson ya ce, "Malam, masu yin wannan sun mutu, 'ya'yansu ma sun mutu."

"To Allah ya ji ƙan musulmin cikinsu," in ji Gwadabe. "Ni zan cika abina."

Ya biya maƙera wajen Isiyaku, ya karɓi dalma da ɗan albarushi, wato garin da ke tashin bindiga. Isiyaku ya ce, "Bari in auna maka, wannan aikin ba ya son kintace."

"Kai dai tsaya a kan fartanya. Aikin soja ne wannan."

A gida ya narka dalmar a kaskon tuyar matarsa Uwani, ya mulmula ta guda uku. Ɗaya ta fito kamar gujiya, ɗaya kamar goro, ta ukun kuwa Allah kaɗai ya san kamarta. Da ya zo ɗura albarushi, sai ya ga na ƙwanso biyu ne kawai, shi ma da ƙyar. Gogan naka ya dubi rumfar girki.

"Uwani, miƙo min yajin nan."

"Malam, bindigar mura take yi?"

"Ke ba ki san ilimi ba. Me ke kore harsashi? Zafi. Me ya fi barkonon nan zafi a birnin Kano?"

Ya cika ƙwanso na uku da yaji har wuya, ya barbaɗa ɗan burbushin albarushin da ya rage a kai. Ya kankare kan ashana ya cusa a gindin kowanne don ya tayar da wuta. Dalmar ta ƙi zama a bakin ƙwanso, sai ya liƙe ta da daddawa.

Rana ta uku da hantsi unguwa ta fito kaf. Mai Unguwa da rawaninsa, mata a kan katanga, masu talla sun kafa kasuwa. Sarkin Yaƙin Ludayi ya iso da tsohon kakinsa na soja wanda ya ƙi haɗuwa a tumbi.

"Kowa ya koma bayana! Mai ciki ta toshe kunne!"

Ya durƙusa a gaban ramin, ya ja kunamar bindiga. Ƙyas! Shiru. Ƙarar ta dai tashi kurar daga barci, ta leƙo, ta dube shi, ta yi hamma.

"Wannan gargaɗi ne," in ji Gwadabe. "Haka dokar yaƙi ta ce."

Ya sa na biyu. Bindiga ta yi tusa, fuuus, dalmar ta gangaro daga bakinta a hankali, ta faɗo kusa da ƙafarsa. Wata kaza ta ji ƙanshin daddawa, ta tsince ta ta yi gaba.

Mai Unguwa ya ce, "Gwadabe, ko a kira maharba?"

"Ranka ya daɗe, yanzu aka fara!"

Ya cusa na uku, ya rufe ido, ya ja. Daram! Sai dai ta baya abin ya fito. Jan hayaƙi ya turnuƙe wurin. Mai Unguwa ya yi atishawa har rawaninsa ya warware, liman ya fara salati tari ya sarƙe shi, mata suka zubo daga katanga. Kurar ma ta fito tana atishawa, ta ratsa ta gefen Gwadabe a tsanake, ta shinshine shi, ta kau da kai, ta yi daji abinta.

Da hayaƙi ya lafa, sai ga Gwadabe a zaune dirshan, gashin baki ya ƙone, fuska ja wur, hawaye da majina sun haɗu a haɓa. Duk da haka ya ɗaga hannu.

"Kun gani? Na kore ta! Wa zai ƙara raina bindigar kakana?"

Sai Ɗantani mai tsire ya kutso cikin taron da farantinsa, ya miƙa shi daidai gindin bindigar, ya ce, "Wallahi ba mai raina ta. Don Allah, soja, ƙara harba ɗaya nan, wannan gefen bai ji yaji ba."