Mariƙin da Tunau Ya Hana a Cire

A gidanmu na Unguwar Kwari, manya huɗu ne ban da yara: ni, da maigidana wanda sunansa ba zai fito daga bakina ba, mutanen gari dai suna ce masa Mai Inji, da mahaifiyarsa Iya Tabawa, sai ƙaninsa Tunau. Tunau babban mutum ne da gemunsa, ga ƙarfi, ga ladabi, bai san ƙarya ba, bai san gardama ba. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Na taɓa shanya gero na ce ya tsaya bakin ƙofa kada akuya ta shigo. Na dawo na tarar da tumakin maƙwabta sun kusa gamawa da geron, shi kuwa yana tsaye ƙyam. Ya ce, "Matar Yaya, ko akuya ɗaya ba ta wuce ba."

A bayan gidan akwai wani tsohon maɗaci. Kwari yana cin saiwarsa duk damina, manyan rassansa kuma suna kan ɗakin Iya. An yi an yi ta koma wani ɗakin, ta ce marigayi mijinta ne ya gina mata wannan da hannunsa, ba inda za ta. Duk lokacin da iska ta taso, gabana faɗuwa yake yi. Maigida ya yi alkawari zai kayar da bishiyar kafin ruwa ya sauka, amma na san tsoron aikin yake ji, don wurin tsayawar mai yanka bakin kwari ne, ƙasar kuma ta rube.

Da injin yankan itace muke ci muke sha. A wannan rani ne maigida ya dawo daga birni da sabon mariƙi. Tsohon mariƙin gefe ɗaya kawai ake kwantar da inji da shi. Sabon kuwa ƙarfe ne da ya zagaye injin ta sama har ya sauka ɗaya gefen, mutum ya tsaya dama da bishiya ko hagu, duk zai sami inda zai kama. Ya ɗaura shi yana ta murna kamar wanda ya yi sabon ɗinki. Da ya gama ya miƙa wa Tunau sufana ya ce, "Girgizar inji tana kwance noti. Kai na ɗora wa wannan. Kada in ga ranar da mariƙin nan ya fita daga jikin injin." Tunau ya karɓa da hannu biyu ya ce, "To, Yaya."

Wata rana za su tafi aiki a gonar wani, na zuba musu fura a kwano na ƙulle da tsumma. Maigida yana ta yaba abinsa a gaban mutane, yana cewa wannan mariƙin ba shi da gefen da ba daidai ba, ta ko'ina ka kama ya yi. Tunau ya ji. Ya juya injin ƙasa a sama, ya rataya shi a wuyan hannu, ya riƙe ƙullin furar a ƙarƙashinsa. Murfin baƙin mai dama yana ɗan yoyo. Kafin su isa gona furar ta koma kalar ruwan kwata. Maigida ya ce, "Me ya sa ka kifa shi?" Tunau ya ce, "Yaya, kai ka ce ta ko'ina daidai ne. Sauran gefunan duk na gwada, wannan ne ya rage." Ranar nan da yunwa suka wuni.

Wata rana kuma suna ratsa saura, mariƙin ya riƙa sarƙewa da ƙaya da kurangar daji, don ya fi tsohon faɗi. Maigida ya gaji ya ce wa Tunau, "Gobe kai za ka riga ni kai shi. Ka kula, kada reshe ko ɗaya ya taɓa shi a hanya." Washegari da hantsi na ji hayaniya a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga Malam Nomau mai lambu ya ɗauko rassan gwaiba da 'ya'yansu a kai, ransa a ɓace. Ashe Tunau adda ya ɗauka ya share hanya tun daga ƙofarmu har gona. Duk reshen da ya leƙo, na kowa ne, ya sauke shi. Malam Nomau ya ce, "Tabawa, ki yi wa ɗanki magana!" Iya ta fito ta ba shi haƙuri, ta karɓi gwaibar ta raba wa yara. Abin da ba zan ɓoye ba, har yau mata masu ɗauko itace suna sa wa Tunau albarka a kan wannan hanyar.

Wata rana wani manomi, Alhaji Barau, ya kira su su sare masa itatuwa a sabuwar gona. A nan babban aibin mariƙin ya fito. In an kwantar da inji ƙasa-ƙasa, ƙarfen da ya zagayo shi ne yake fara dukan ƙasa, sai kututture ya fito da tsawo. Alhaji Barau ya zagaya ya ce shi bai ga aiki ba, shanun huɗa ba za su bi ta kan wannan ba. Maigida yana sauri zai tafi wani aikin, ya ce wa Tunau, "Tsaya a nan. Kafin yamma kada a ga kututture ko ɗaya ya fi ƙasa tsawo." Shi a ransa gatari yake nufi. Tunau ya ari kwando da fartanya, ya yi ta jido ƙasa yana tulawa har kowane kututture ya ɓace, ya bi ya lallashe wurin da tafin hannu. Alhaji ya zo ya ga gona tas, ya yi ta shi masa albarka. Albarkar ba ta daɗe ba, don ranar da aka gwada huɗa, garma ta ci karo da na farko ta karye, mai riƙe da ita ya tashi sama ya dawo a zaune.

Daga nan maigida ya tsani mariƙin. Ya ce yana da nauyi, kafaɗarsa ba ta barinsa barci. Ya ce in sarƙa ta zame, sai ya sha fama kafin ya buɗe murfinta, don ƙarfen ya tare wurin. Ni ma na zuga shi, don ni ce mai gasa kafaɗar, ni ce mai ba mutane haƙuri. Muna cin tuwo ya ce, "Gobe zan cire tsiyar nan in mayar da tsohon, sannan in fuskanci maɗacin Iya. Hadari ya fara haɗuwa." Tunau ya ajiye lomarsa. Na ga ya ƙura wa injin ido.

Washegari aka nemi inji aka rasa, aka nemi Tunau aka rasa. Sai da rana ta ɗaga ya shigo da shi a ka, yana haki. Ya je bakin tasha wurin mai walda, ya sa an ɗiga wa kowane noti wuta har ya narke ya haɗe. Sufana ba ta da sauran wurin kamawa.

Maigida ya dafe kai ya ce, "Tunau, me na yi maka a duniya?"

"Yaya, kai ka ce kada ka ga ranar da zai fita."

"Ai ni ne zan cire shi da hannuna!"

"Ba ka ce ban da kai ba, Yaya."

Na yi niyyar dariya, na ga idon maigida ya yi ja, na haɗiye. Ba kuma lokacin komawa tasha, don an yi yayyafi da asuba, gabas ta yi baƙi, maƙwabta sun riga sun taru a ƙetaren kwari da igiyar da aka ɗaura wa maɗacin. Da ƙyar muka fito da Iya muka zaunar da ita a tsakar gida. Ta ƙi kallon kowa sai rufin ɗakinta.

Maigida ya tayar da inji. Ya yi yankan gaba, ya zagaya ta bakin kwari, gefen da ya saba tsayawa don yankan ƙarshe. Ya kwantar da injin, sai mariƙin ya daki wata ƙatuwar saiwa. Ya gyara, ya sake duka. Ina jin sa daga inda nake yana tsine wa mariƙi da mai walda da ranar da ya je birni. Da ya ga ba dama, ya bar wurin ya dawo ta gefen katanga, ya juya injin ya kama ɗaya ɓangaren ƙarfen, abin da tsohon mariƙin ba zai taɓa bari ya yi ba. Inji ya shiga itace. Masu igiya suka ja. Maɗacin ya yi wata irin ƙara, ya karkata, ya tafi cikin kwari.

Bai tafi shi kaɗai ba. Da gindin ya motsa, duk bakin kwarin nan ya ɓalle ya bi shi, ƙasa da saiwa da duwatsu. Inda maigida ya fara tsayawa babu shi, sai rami mai zurfin da in mutum ya faɗa, ga gungume a kansa, ba sai an nemi mai magani ba. Hularsa da ta faɗi a wurin ba a sake ganinta ba.

Ƙura ta lafa. Ɗakin Iya yana nan, ko ɗigon ƙasa bai zubo daga katangarsa ba. Ni dai ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ina ta cewa Alhamdu lillahi, hawaye na zuba, ina kallon Tunau, mutumin da ko jiya na kira shi sakarai a zuciyata. Ban taɓa jin godiya ga ɗan Adam irin ta wannan safiya ba, ga shi ko sanin abin da ya yi bai yi ba.

Ya matso kusa da yayansa a ɗarare ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. In mayar a yanke waldar?"

Maigida ya kashe inji ya ajiye. Ya dubi ramin. Da ƙyar ya ce, "Tunau, riƙe ni. Kada ka sake ni."

Tunau ya rungume shi ta baya da hannayen nan nasa. Ruwan farko ya sauko ya same su a haka. Maƙwabta suka ƙetaro suka yi barka suka watse, yana riƙe. Iya ta koma ɗakinta ta shimfiɗa tabarma, yana riƙe. Na dama kunu na kawo, maigida ya sha a tsaye da ƙaninsa manne a bayansa. Can ya waiwayo ya dube ni, ya ce a hankali, "Ki ce masa ya isa haka mana."

Na ɗauki kwanona na koma madafa. Ban ce ba.